Awo Kafin Saye: Zaɓen Na'urar Ji Ga Mai Nauyin Kunne

Gabatarwa

Kalmar "ji" tana daga cikin kalmomin da Bahaushe ya fi ɗora wa kaya. Da ita yake jin ƙara, da ita yake jin ƙanshi da zafi da yunwa, da ita kuma yake fahimtar harshe, domin wanda ya iya Larabci cewa ake yi yana jin Larabci. Saboda haka idan dattijo ya ce, "Ina ji, amma ba na ji," ba wasa da harshe yake yi ba. Abin da yake nufi shi ne, sauti yana shiga kunnensa, amma magana ba ta fita daga cikin sautin nan yadda zai gane ta. Wannan kuwa shi ne kukan akasarin masu nauyin kunne, kuma shi ne abin da 'yan'uwansu sukan kasa fahimta, har su ruga kasuwa su sayo musu na'ura mai ƙara ƙarfin sauti, a kan zaton in abu ya yi ƙara an ji shi ke nan.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, na'urar ji magani ce wadda ake aunawa, kamar yadda ake auna tabarau ga mai ciwon ido, kuma duk wanda ya saye ta ba tare da an auna kunnensa ba, to sayen makaho ya yi. Za a ɗauki unguwar Kwangila ta Zariya a matsayin madubi, domin a nan cutar take, kuma hanyar maganinta ta nan ta ratsa.

Kwangila da Kunnuwan Mutanenta

A Kwangila ne babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta haɗu da wadda ta nufi Samaru da Shika da Funtuwa har Sakkwato. Ƙarƙashin gadar nan da kewayenta, tun daga asuba har dare, ba a rasa rurin manyan motoci da odar direbobi da kiran 'yan kamasho. Ga janareta a bakin shaguna, ga injin mai faci, ga injin niƙa a cikin unguwa, ga lasifikar mai tallan magani. Masana lafiyar ma'aikata suna auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu takan kai desibel 60. Ƙarar da ta kai desibel 85 kuwa, in mutum ya daɗe a cikinta fiye da awa takwas kullum, tana cin kunne a hankali, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Akwai hanya mai sauƙi ta gane wurin da ya kai haka: in sai mutum ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gab da shi ya ji shi, to wurin ya kai, ko ya kusa. Mai niƙan da ya shekara ashirin a gindin injinsa ya san wannan hali sarai.

Ƙara ba ita kaɗai ce ɓarauniyar ji a ƙasar Hausa ba. Sanƙarau yana barin kurumta a bayansa, kuma annobar 1996, wadda ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa, ta bar yara da yawa waɗanda suka tashi daga jinya ba sa ji. Haka ƙyanda da hangum da zazzaɓin Lassa. Akwai ciwon kunne mai zubar da mugunya, wanda iyaye kan raina har ya huda dodon kunnen yaro. Akwai magunguna irin su jentamaisin da sitireftomaisin, waɗanda suke ceton rai a hannun likita, amma suna iya kashe ji in an yi allurarsu barkatai. Sa'an nan ga tsufa, wanda ba ya barin kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a kan ji a 2021, ta ce mutane fiye da biliyan 1.5 ne a duniya suke da raunin ji, kuma miliyan 430 daga cikinsu suna bukatar taimako. Ta ce kashi 17 cikin 100 kaɗai na waɗanda na'urar ji za ta amfana suke amfani da ita, a Afirka kuwa kimanin mutum tara cikin goma ba su da ita.

Kurumta Iri-Iri Ce

Dalili na farko da ya wajabta awo shi ne, abin da ake kira kurumta ba abu ɗaya ba ne. Sauti yakan shiga ramin kunne ya kaɗa dodon kunne, dodon kunne ya kaɗa wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku, su kuma su miƙa kaɗawar ga wani sashe can ciki mai siffar katantanwa. A cikin katantanwar nan akwai dubban ƙwayoyin halitta masu kamar gashi, waɗanda suke mai da kaɗawar ta zama saƙo, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa.

In matsalar a kan hanya take, watau daga ramin kunne zuwa ƙasusuwan nan, sau da yawa tana da magani. Dauɗar kunne da ta taru ta toshe rami, ma'aikacin lafiya yana iya fitar da ita cikin ɗan lokaci, ji ya dawo. Ruwan da ya kwanta a bayan dodon kunne ana maganinsa, dodon kunnen da ya huje kuma ana iya yi masa aiki. Wanda ya cusa na'ura a kunnen da dauɗa ta toshe ya yi asarar kuɗinsa, wanda kuwa ya cusa ta a kunne mai mugunya ya rufe gyambo da hannunsa, ya hana shi shan iska.

In kuwa matsalar a cikin katantanwa take, kamar yadda ƙara da tsufa da sanƙarau suke jawowa, to ƙwayoyin da suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma a nan ne na'urar ji take da babban aiki. Ba yadda za a yi mai shago ya rarrabe waɗannan biyun da ido. Bugu da ƙari, akwai alamun da suke nuna likita ake bukata da gaggawa: ji ya ɗauke farat ɗaya, ko kunne ɗaya kaɗai ya yi nauyi, ko a sami jiri ko zafi ko zubar ruwa. Ɗaukewar ji farat ɗaya, musamman, tana da maganin da ya fi aiki in an fara shi a kwanakin farko. Wanda ya tsaya cinikin na'ura a wannan hali yana iya rasa damar da ba ta dawowa.

Abin da Awo Yake Nunawa

Awon ji ba ya da zafi, ba a kuma zubar da jini. Akan shigar da mutum ɗaki marar hayaniya, a sa masa abin saurare a kunne, a riƙa aiko masa da sautuka, daga kakkaura mai kaɗawa sau 250 a daƙiƙa har siriri mai kaɗawa sau 8,000, yana nuna alama duk lokacin da ya ji. Daga nan a fitar masa da takarda mai nuna inda jinsa ya tsaya a kowane sauti, kunnen dama daban, na hagu daban. Bisa ga rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2021, wanda yake jin sautin da bai kai desibel 20 ba lafiyarsa lau. Daga 20 zuwa 35 rauni ne kaɗan, daga 35 zuwa 50 matsakaici, daga 50 zuwa 65 ya fara tsanani, daga 65 zuwa 80 mai tsanani, daga 80 zuwa 95 mai tsanani ƙwarai, abin da ya kai 95 kuwa kurumta ce gaba ɗaya.

Amma abin da ya fi muhimmanci a takardar nan shi ne, ji ba ya raguwa bai ɗaya. Ƙara da tsufa sukan fara cin siraran sautuka, su bar kakkaura. A nan ne ɗalibin ilmin furuci zai gane matsalar fiye da kowa. Wasula da karin sautin Hausa, watau hawa da saukar murya, suna tafiya ne a kan kakkauran sauti, kuma su ne masu ƙarfi a cikin magana. Baƙaƙe irin su s da sh da ts da f da t da k kuwa sirara ne, marasa ƙarfi. Saboda haka mai irin wannan rauni yana iya rarrabe "fata" ta jiki da "fata" ta alheri, tun da karin sauti ne ya raba su, amma ya kasa rarrabe "fata" ta jiki da "sata". Haka "suka" da "shuka", da "fara" da "tsara". A ce "su zo" ya ji "ku zo", a ce "ta tafi" ya ji "ka tafi". A bakin ciniki kuma a ce masa "saba'in" ya ji "casa'in". Ya ji muryar sarai, har yana iya faɗin mai ita, amma baƙaƙen da suke ɗauke da ma'ana sun zube a hanya. Wannan ita ce fassarar "ina ji, amma ba na ji."

Akwai wani abu kuma da jama'a ba su cika sani ba. Kunnen da katantanwarsa ta lalace ba ya jin sauti marar ƙarfi, amma sauti mai ƙarfi yana yi masa zafi kamar kowa, wani lokaci ma fiye da kowa. Shi ya sa tsoho zai ce a ɗaga murya, in an ɗaga kuma ya ce a daina yi masa tsawa, a ɗauka rigima ce ta tsufa, alhali kuwa gaskiyarsa ce duka biyun.

Na'urar Kasuwa da Na'urar Awo

Idan aka fahimci wannan, bambancin na'urorin biyu ya fito fili. Akasarin masu arahar da ake sayarwa a shaguna da ta intanet aikinsu ɗaya ne, su ƙara wa kowane sauti ƙarfi, kuma sau da yawa kakkauran sauti suka fi ƙara wa. To, kakkauran sauti a Kwangila shi ne rurin tirela da janareta. Mai na'urar zai sami ƙarin abin da dama yana ji, har ya danne ɗan abin da ya rage masa na baƙaƙe. In mota ta yi oda kusa da shi kuwa, na'urar da ba ta da iyakar ƙara za ta zuba masa ita duka a kunnen da dama rauni gare shi. Ƙarshenta yakan cire ta ya jefa a cikin adaka, ya ce wa duk wanda ya tambaye shi na'urar ji ƙarya ce. Ta haka na'ura ɗaya marar kyau take hana mutum goma neman mai kyau.

Na'urar awo kuwa masanin ji ne yake daidaita ta da kwamfuta bisa ga takardar awon mai ita. Takan ƙara ƙarfi a sautukan da suka ɓace, ta bar waɗanda suke lafiya. Takan ɗaga sauti marar ƙarfi da yawa, mai ƙarfi kuma kaɗan, kuma akwai iyakar da ba ta wucewa. Wannan ne ya sa na'urar wani ba ta yi wa wani, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Mai gadon na'urar mahaifinsa ba tare da an sake daidaita ta ba, ya tuna zanen aro ba ya rufe katara.

Hujjar Masu Ja

Mai ja yana iya cewa wannan duk maganar masu hali ce. Na'urar awo tana da tsada ƙwarai, daga waje ake shigo da ita, masanan ji kuma ba su da yawa. Talakan da ya sami mai araha, ashe bai fi wanda ya zauna haka nan ba? Yana iya ƙarawa da cewa ko a Amurka, tun daga Oktoban 2022, an halatta sayar da na'urar ji a kanti ba tare da takardar likita ba.

Maganar tsada gaskiya ce, ba a kuma kawar da ita da karin magana. Amma dokar Amurkan da ake kafa hujja da ita tana da sharuɗɗa. Ta shafi waɗanda suka kai shekara 18 ne kaɗai, masu rauni kaɗan ko matsakaici, kuma ta ƙayyade iyakar ƙarar da na'urar za ta fitar, ta wajabta rubuta alamun da suke bukatar ganin likita a jikin kwali. Na'urar da aka shimfiɗa a tebur a tasha, ba wanda ya san ko ta cika ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sa'an nan talauci hujja ce ta yin awo, domin marar hali shi ne wanda ba zai iya saye sau biyu ba. Kuɗin awo kaɗan ne in an gwada shi da kuɗin na'ura, kuma awon yana iya nuna ba a bukatar na'urar sam. Nisa kuma ba uzuri ba ne ga mutumin Kwangila. Hanyar da ta ratsa unguwarsa ita ce ta kai Shika, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tare a 2005, kuma akwai likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a can. Ɗaya hanyar kuwa ta kai Kaduna, inda Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa take tun 1999. Mutanen karkara da yawa sai sun kwana a hanya kafin su iso inda shi zai isa kafin azahar.

Bayan Awo, Sai Zaɓe

In awo ya tabbatar ana bukatar na'ura, akwai abubuwan da ya kamata a duba. Na farko shi ne siffarta. Akwai wadda ake ratayawa a bayan kunne, bututu ya kai sauti ciki ta wata toshiya da ake zubawa daidai da kunnen mai ita. Akwai kuma ƙanana masu shigewa cikin rami, waɗanda ba a cika ganinsu ba. Jama'a sun fi son ƙananan saboda kunya. Amma ta bayan kunne ta fi ƙarfi, ta fi ƙarko, ta fi sauƙin riƙewa ga tsoho mai rawar hannu, kuma ita ce ta dace da mai rauni mai tsanani da ƙananan yara. Ƙaramar kuwa a cikin gumi da dauɗar kunne take wuni, ga ƙurar hunturu ga laimar damina, don haka ta fi saurin lalacewa.

Na biyu shi ne batir. Ƙananan batiran na'urar ji suna da lamba 10 da 312 da 13 da 675, kuma da zarar an ɓare takardar da ke manne a bayansu sun fara ƙarewa, cikin 'yan kwanaki ko 'yan makonni. Lalle ne mai saye ya tambaya inda zai riƙa samun irin nasa, da nawa zai ci masa a shekara. Masu caji sun rage wannan wahala, amma wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas sai ya tanadi hanyar caji, ko da ta hasken rana ce.

Na uku shi ne abin da zai biyo bayan ciniki. Ƙwaƙwalwar da ta shekara ba ta jin wasu sautuka takan ɗauki makonni kafin ta saba da dawowarsu, kuma akan bukaci komawa a sake daidaitawa. Toshiyar da ba ta zauna daidai ba takan sa na'ura ta riƙa fito. Wanda ya sayar ya ɓace, ko wanda ba ya da wurin gyara, bai cancanci a ba shi kuɗi ba. In kunnuwa biyu ne suka raunana, na'ura biyu sun fi, domin da kunne biyu ake gane inda ƙara ta fito, abin da mai tsallaka titi a Kwangila ba zai raina ba. In hali bai kai ba, masanin ji ne zai faɗi kunnen da ya fi cancanta.

Yara, da Waɗanda Na'ura Ba Ta Isa Ba

Ga yaro al'amarin ya fi gaggawa, domin da kunne ake koyon magana, kuma shekarun farko su ne lokacinta. Ƙa'idar da masana suka shimfiɗa ita ce a gwada jariri a watansa na farko, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Yaro ba zai iya cewa na'ura ta yi masa ƙara ba, saboda haka sa masa ta kasuwa ganganci ne. Toshiyarsa kuma sai an riƙa sake ta yayin da kunnensa yake girma.

Akwai kuma waɗanda awo zai nuna na'ura ba za ta kai su ga jin magana ba. Wasu ana yi musu aikin dasa wata na'ura a cikin katantanwa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin akasarin mutane. Mai gaskiya zai faɗa wa iyaye haka, maimakon ya sayar musu da fata. Kuma hanya ba ta ƙare ba, domin kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano ta wallafa littafi a kansa a 2000, ta nuna cikakken harshe ne mai ƙa'idojinsa. Yaron da aka hana wannan harshe ana jiran na'ura ta yi abin da ba za ta iya ba, an cuce shi sau biyu.

Kammalawa

Nauyin da ke kan hukuma a bayyane yake. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ba za ta amfani mai nauyin kunne ba sai awon ji ya sauko manyan asibitocin ƙananan hukumomi, an kuma sa ido a kan abin da ake sayarwa da sunan na'urar ji. Masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu niƙa su ma suna iya kiran ma'aikatan lafiya su zo su duba mutanensu, ko da sau ɗaya a shekara, a ranar 3 ga Maris da aka keɓe domin ji a duniya.

Masana Hausa kuma suna da rabonsu. Ban da awon sautuka, akwai awon fahimtar magana, inda ake karanta wa mutum jerin kalmomi yana maimaitawa, kuma ba ya inganta sai da harshen da mutum ya tashi da shi. Tsara irin wannan jeri, wanda zai ƙunshi baƙaƙen Hausa gwargwadon yawansu a magana, ya kula da karin sauti da tsawon wasali, ya kuma kauce wa kalmomin da Basakkwace ya sani Bazazzagi bai sani ba, aiki ne na masanin harshe tare da likita. Ɗalibin da yake neman batun kundin digirinsa ga shi nan a gabansa. Haka nan samar da kalmomin da za a yi wa majinyaci bayani da su, da yaƙi da al'adar mai da kurma abin dariya a wasannin kwaikwayo, wadda ita ce take sa dattijo ya ɓoye rauninsa shekara da shekaru, ya daina zuwa majalisa, ya riƙa gyaɗa kai ga maganar da bai ji ba.

Ga iyalin da suke da mai nauyin kunne kuwa, shawarar gajera ce. Kafin a tara kuɗin na'ura, a tara kuɗin mota zuwa Shika ko Kaduna. A dawo da takardar awo a hannu, sa'an nan a yi maganar saye.